Takin ɓawon ƙaguwa na mutanen bakin teku ne, garkar Nijar tana da nata

Da zarar ruwan sama ya ɗauke aka kai hatsi rumbu, hankalin dubban iyalai a ƙasar Nijar yakan koma kan garka. A Jiratawa da Tibiri ana gyaran fangali, a Galmi da Madawa ana renon irin albasa, a Mirya da Gidimuni ana yasar rijiyoyi, a bakin kogin Isa kuma, daga Saga har Lamorde, ana shirin salati da shu. Noman rani, wanda gwamnatin Janar Seyni Kountché ta ƙarfafa bayan farin 1984 domin jama'a su tsira da rayukansu, ya zama sana'ar da ake gina gida da ita. Matasan birni masu takardun makaranta suna shiga cikinsa, kuma kuɗin 'yan bida na cikin abin da ke haƙa rijiya, ya sayi injin ban ruwa, ya kewaye fili da waya. Sai dai akwai abu ɗaya da ake yawan mantawa da shi wajen lissafi, shi ne ƙasar da za a shuka a cikinta. Garka nawa aka kafa da kuɗin waje, ta yi kyau shekarar farko, ta rage a ta biyu, a ta uku mai ita ya ce noma ba ya biya?

Wannan damuwa ce ke sa wasu duba abin da ake yi a wasu ƙasashe. Ɗan Nijar da ke zaune a Greensboro ko New York ko Montreal yana ganin buhunan taki a shagunan kayan lambu, da hoton ƙaguwa ko jatan lande a jikinsu. Matashin Maraɗi ko Damagaram yana ganin irinsu a bidiyon YouTube da TikTok, inda ake nuna tumati kamar kan jariri ana cewa sirrin yana cikin ɓawon halittun teku. Wanda ke bida a Kotonu ko Lome ko Akara yana wuce tsibin ɓawon kawa a bakin ruwa, ya raya a ransa ko wannan ne maganin gajiyar ƙasar gida. Tambayar ta cancanci amsa ta gaskiya, domin takin yana da amfani inda ake yin sa, kuma akwai darasi babba a cikinsa. Amma darasin ne ya dace a kawo gida. Buhun kuwa a bar wa masu shi.

Asalin wannan taki shara ce. An ƙiyasta cewa duniya na zubar da tan miliyan 6 zuwa 8 na ɓawon ƙaguwa da jatan lande da danginsu kowace shekara. A jihar Maine ta Amurka da gabashin Kanada, inda kamun waɗannan halittu yake babbar sana'a, masana'antu na cire tsoka su bar tulin ɓawo mai wari, wanda zubar da shi kansa kuɗi ne. Sai wasu kamfanoni suka shiga karɓar ɓawon, su cuɗa shi da garin katako da ɓawon itace da ruɓaɓɓen gansakuka na fadamun ƙasashen sanyi, su bar shi ya nuna na tsawon watanni, su zuba a buhu su sayar. Ba su je wata nahiya neman kayan haɗi ba. Abin da ke damun ƙofar gidansu suka mayar da shi dukiya.

Abubuwa uku ne ke cikin ɓawon. Akwai ragowar tsoka da ke manne da shi, wadda idan ta ruɓe take ba ƙasa azot, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar. Akwai sinadarin alli, wanda ke ba shuka kalsiyom yana kuma rage tsamin ƙasa. Na uku shi ne kitin, abin da ke sa ɓawon tauri, kuma a kansa ne masu talla suka fi kafa hujja. Bayaninsa mai sauƙi ne. Idan aka zuba kitin a ƙasa, ƙananan halittun da ke iya cin sa sukan yawaita. To, ƙwan nematod, wato tsutsotsin nan da ido ba ya gani waɗanda ke sa saiwar tumati da tattasai da kuɓewa ta yi ƙulli-ƙulli, shi ma da kitin aka lulluɓe shi, haka nan jikin wasu ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da saiwa. Halittun da suka yawaita saboda ɓawon sai su faɗa wa waɗannan su ma. Duk mai garkar da ya taɓa tumɓuke tumatin da ya ƙi girma ya ga saiwarsa ta kumbura kamar carbi ya san girman asarar da nematod ke yi a ƙasa mai rairayi.

Amma abin yana da iyaka, kuma masu bidiyo ba su cika faɗarta ba. Sakamakon yana bambanta daga wata ƙasa zuwa wata, ana buƙatar ɓawo mai yawa, kuma ana buƙatar makonni kafin aikin ya fara. Idan aka zuba ɗanyen ɓawo ya yi yawa, iskar amoniya da yake fitarwa na ƙone saiwar ƙananan shuka, warinsa kuma na kiran ƙuda da ɓera da karnuka. Idan ba a wanke shi ba yana zuwa da gishirin teku. Ɓawon kawa kuwa wani abu ne dabam: kusan kashi 95 cikin 100 nasa alli ne, ba shi da azot na a zo a gani, kuma matuƙar ba a niƙe shi ya zama gari ba, ba ya narkewa. Shaida tana nan a Senegal, inda tsibirin Fadiouth da tuddan ɓawo na yankin Saloum suka shekara ɗaruruwa suna shan ruwan sama ba su narke ba. Wanda ya watsa ɓawon kawa guda-guda a fangalinsa tsakuwa kawai ya ƙara.

Sannan ƙasar Nijar ba iri ɗaya ba ce. Ƙasar jigawa, wadda ake noman hatsi da wake a kanta, rairayi ne kusan zalla, ruɓaɓɓen abin da ke cikinta bai kai kashi 1 cikin 100 ba, tana da tsami, kuma babban abin da ta rasa shi ne fosfor. Wannan shi ne abin da binciken cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, da na hukumar binciken noma ta ƙasa INRAN suka daɗe suna nunawa. A irin wannan ƙasa ɗan garin alli na iya taimakawa. Amma garake da dama suna cikin fadama ne da kwaruruka, kuma wasunsu matsalarsu akasin tsami ce. A Dallol Boso da Dallol Foga, da kwarurukan Gure da Maine-Sorowa, da wasu filayen bakin kogin Isa da Komadugu, gishiri da kanwa ne ke tasowa su yi fari a saman ƙasa. Ƙara alli a irin wannan wuri yana ɗaure fosfor da ƙarfe da zinki, shuka ta kasa shan su, ganye ya yi rawaya alhali an kashe kuɗi. Inda kuma ake buƙatar allin, ba sai an je teku ba. Dutsen da masana'antar siminti ta Malbaza ke aiki da shi dutsen alli ne, tokar murhu na ɗauke da kalsiyom, ɓawon ƙwai ma haka.

Ko baƙin tabon nan da ke fitowa a gindin ɗan tumati, wanda ake cewa takin ɓawo na magancewa, sau da yawa ba rashin kalsiyom a cikin ƙasa ne ke kawo shi ba. Ban ruwa ne marar tsari: yau a cika fangali, gobe da jibi a bar shi ya bushe, sai kalsiyom ya kasa isa cikin ɗan tumatin lokacin da yake girma. Daidaita ban ruwa da rufe gindin shuka da ciyawa sun fi kowane buhu saurin magance shi.

Lissafin nauyi kaɗai ya isa ya rufe maganar shigo da shi. Kayan garka na son kimanin kilo 2 zuwa 3 na nunannen taki a kowane murabba'in mita. Garka mai murabba'in mita 500 na buƙatar aƙalla tan 1, hekta guda kuma tan 20 zuwa 30. Daga Kotonu zuwa Yamai akwai fiye da kilomita 1,000, daga Yamai zuwa Maraɗi wasu fiye da 600. Babu albasa ko salatin da zai biya kuɗin ɗaukar ruɓaɓɓen ɓawo a wannan tafiya. Takin gargajiya kaya ne mai nauyi da arha, ribarsa tana cikin kusancinsa da gona.

Abin tambaya ke nan: mene ne ke zube a ƙofar gidan Nijar kamar yadda ɓawo ke zube a ƙofar gidan mutanen Maine? Na farko dabbobi ne. Ƙasar tana da fiye da kai miliyan 50 na shanu da tumaki da awaki da raƙuma da jakai, kuma babu unguwar birni da ba a turke rago ko akuya a cikinta. A mahautar Yamai da ta Maraɗi da ta Damagaram da ta Tawa, kowace safiya ana zubar da abin da ke cikin tumbi, wanda ciyawa ce da ta riga ta fara narkewa, ga jini, ga ƙashi da ƙaho. Ƙashin da aka ƙona aka daka yana ba da fosfor, abin da ƙasar jigawa ta fi nema. Ranar babbar salla kaɗai, kayan tumbin da ake turawa cikin magudanun ruwa a biranen ƙasar zai iya cika ramukan taki masu yawa. Gidajen kaji da ke ƙaruwa a kewayen birane suna fitar da kashi mai ƙarfin azot.

Na biyu ragowar amfanin gona da na kasuwa ne: ƙaiƙayin hatsi a masussuka, ɓawon gyaɗa, buntun shinkafa a masana'antun Kirkisoye da Kollo da Tilaberi, tuƙar rake a Matamaye da kasuwannin Damagaram, ruɓaɓɓen tumati da ganyen shu da ake sharewa kowace yamma, hanjin kifi da ɓamɓarokinsa a bakin tafkin Madarumfa da na Tabalak. Na uku ciyayin da suka zame wa jama'a annoba ne, kainuwar da ke toshe kogin Isa da kacalla da ta cinye tafkuna a jihar Damagaram. Ana kashe kuɗi a fitar da su a bar su su bushe a bakin ruwa, alhali kayan taki ne.

Ko aikin da ake yaba wa kitin a kansa akwai mai yin irinsa a gida. Itacen bedi, wato dogon yaro, ya cika titunan birane, da shi aka kafa shingen itatuwan da ke kewaye da Yamai tun 1965, da shi aka yi shingayen tare iska na kwarin Magiya tun 1975. 'Ya'yansa na zuba ƙasa ana takawa. Dakakken ƙwallon bedi, ko tunkuzar da ta rage bayan an matse mansa, yana ba ƙasa azot yana kuma rage nematod idan aka cuɗa shi da ƙasa kafin dashe. Shi kansa kitin ba a teku kaɗai yake ba, jikin ƙwari ma da shi aka yi. Fukafukai da ƙafafun fara da mata masu suya ke zubarwa kitin ne, ko da yake ba su da yawan da za su wadaci garka, kuma farar da aka kashe da feshin magani ba ta shiga taki. Cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi ta yi aiki mai yawa kan kiwon tsutsar baƙin ƙudan nan da ake kira ƙudan soja: tsutsar na cin sharar kasuwa, a ciyar da kaji da kifi da ita, kashinta da saɓarta mai kitin kuma su zama taki. Wannan sana'a ce da matashi zai iya farawa a ƙaramin fili.

Manoman ƙasar nan sun riga sun nuna cewa ana iya raya ƙasa da abin hannu. A yankin Illela da Badagishiri, tun ƙarshen shekarun 1980, tassa ta dawo da filayen da suka zama faƙo: a haƙa ƙaramin rami, a zuba taki cikin tafin hannu, gara ta shigo ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. A jihohin Maraɗi da Damagaram, sassaben zamani, wato barin tsiron itatuwa ya girma a cikin gona, ya mayar da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, kuma kowa ya san yadda hatsi ke yi a ƙarƙashin gawo. A shekarar 2018 Tony Rinaudo, wanda ya yi wannan aiki tare da manoman Maraɗi, da marigayi Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, gwanin tassa, sun samu lambar yabo ta Right Livelihood. Matan ƙungiyar manoma ta FUMA Gaskiya a Maraɗi, tare da masu binciken INRAN, sun gwada fitsarin da aka adana a rufe na watanni 2 zuwa 3 har ya tsarkaka, suka sa masa suna Oga, kuma gwajin da aka yi daga 2014 zuwa 2016 ya nuna ƙarin amfanin hatsi na kimanin kashi 30 cikin 100. Ba a shigo da ko ɗaya daga cikin waɗannan a jirgin ruwa ba.

Matsalar tana wajen yadda ake sarrafa kayan. Abin da aka saba gani shi ne a tara kashin dabbobi a fili, rana ta dake shi watanni, iska ta kwashe azot ɗinsa, sannan a kai busasshen gari gona. Ko kuma a zuba ɗanyen kashin kaji a fangali ya ƙone dashe, ko ɗanyen na shanu ya shigo da irin ciyawa. Kompos, wato takin da aka haɗa aka bari ya nuna, shi ke magance duka biyun, kuma yin sa ba ya buƙatar injin. Ana zaɓen inuwa, a yi rami ko tsibi mai faɗin mita 1 da rabi. A shimfiɗa busasshen abu, kamar yankakken kara ko ƙaiƙayi ko ganye, kaurin kamar taƙi guda, a bi shi da kashin dabbobi ko kayan tumbi, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa, a sake maimaitawa har tsibin ya kai ƙirji. A rufe da ciyawa ko tsohuwar tabarma. Laimar da ake so ita ce idan aka damƙi takin aka matse, hannu ya jiƙe amma ruwa bai zuba ba.

Cikin 'yan kwanaki tsibin zai ɗauki zafi, ya kai digiri 55 zuwa 65, kuma wannan zafin ne ke kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Sandar da aka soka a tsakiya ita ce ma'auni: in ta fito da zafi da laima, aiki na tafiya, in ta fito da sanyi a bushe, a ƙara ruwa, in tana warin ruɓa, ruwa ya yi yawa, a juya a ƙara busasshen abu. Ana juya tsibin duk bayan mako 2. A zafin Nijar, cikin wata 2 zuwa 3 takin zai yi baƙi, ya yi laushi, ya riƙa ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya jiƙa. Wanda ke son takin watan Oktoba, to a watan Yuli zai fara. Hanjin kifi da jini a tsakiyar tsibi ake binne su saboda ƙuda da karnuka. Garin dutsen fosfat na Tawa, wanda ƙasar ke da ma'adininsa, ya fi narkewa idan aka barbaɗa shi cikin tsibin tun farko. Toka kuwa kada ta yi yawa, domin tana korar azot, kuma mai ƙasar kanwa gara ya bar ta gaba ɗaya.

Akwai wani ɓangare da ya shafi lafiyar duk mai cin salati a birni, ko bai taɓa riƙe kwasa ba. Amalanken shara da ake kwasowa daga juji a zube a garake da gonakin bakin gari a yau ba sharar zamanin kakanni ba ce. Tana ɗauke da leda da fasasshen kwalba da tsofaffin batura da allurai da robobin maganin ƙwari. Batir na fashewa ya bar gubar ƙarfe a cikin ƙasa, ganye ya sha, mutum ya ci. Leda na hana ruwa da saiwa ratsa ƙasa. Tun watan Nuwamban 2014 Nijar ke da dokar hana shigo da irin wannan leda da sayar da ita, amma kowa na ganin yadda take rataye a kan kowace ƙaya. A Yamai, garaken da ke bakin Gunti Yena sun daɗe suna shan ruwan da ya kwaso dauɗar unguwanni. Ɗanyen kashi da ruwan dauɗa a kan ganyen da ake ci ba dahuwa hanya ce ta zawo da taifot da tsutsar ciki. A Amurka, ƙa'idar noman da ba a sa masa sinadarai ta ce a bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin abin da ke taɓa ƙasa. Salati kuwa bai kai rabin wannan lokaci a fangali ba. Don haka nunannen taki ne kaɗai ya dace da shi.

Dole kuma a faɗi gaskiya kan iyakar takin gargajiya, kada a faɗa cikin irin zuzutawar masu tallan ɓawo. Buhun ure mai kilo 50 na ɗauke da kilo 23 na azot. Tan guda na busasshen kashin shanu bai cika wuce kilo 10 zuwa 15 ba, kuma a hankali yake sakinsa. Kayan haɗin ma ana rububinsu: kara da harawa sun zama abincin dabba na sayarwa, kara na shiga darni da murhu, kashin shanu ya zama makamashi, tsohuwar al'adar da makiyayi ke sauka a gona bayan girbi a ba shi hatsi a madadin taki ta ja baya. Kompos na son ruwa da ƙarfin mutum da amalanke. Amfaninsa mafi girma shi ne yana sa rairayi ya riƙe ruwa da abincin shuka, yadda takin zamanin da aka saya da tsada ba zai bi ruwa ya nutse ba. Dabarar nan ta sa ɗan taki a gindin shuka, giram 6 na NPK ko giram 2 na DAP a kowane rami, wadda aka gwada a Nijar, ta fi ba da amfani idan ta tarar da takin gargajiya a ƙasa. Biyun tare suke tafiya.

Abin da ya faru a 'yan shekarun nan ya isa gargaɗi. A taron Abuja na 2006 shugabannin Afirka sun yi alkawarin kai amfani da takin zamani kilo 50 a kowace hekta, Nijar kuwa har yanzu tana cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin amfani da shi a duniya. A 2022 yaƙin Rasha da Ukraine ya tayar da farashinsa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin CEDEAO ya rufe hanyoyin da kaya ke bi daga bakin teku. Ƙasar da ba ta da gaɓar teku, wadda cimakarta ta dogara da buhun da sai ya ƙetare iyaka biyu, tana cikin haɗari kullum. Taron da Tarayyar Afirka ta yi a Nairobi a watan Mayun 2024 ya haɗa maganar taki da ta lafiyar ƙasa wuri guda, abin da ke nuna cewa shugabanni ma sun gane buhu kaɗai ba ya raya gona. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Aikin farko na ma'aikatun magajin gari ne. Su ne ke da kasuwanni da jujaye, su ne ke biyan kuɗin kwashe shara. Ware fili kusa da mahauta da babbar kasuwa, da rijiya da inuwa, a ba ƙungiyoyin matasa da na mata haya mai sauƙi domin yin kompos, zai rage dauɗar gari ya samar da aikin yi a lokaci guda. Raba sharar kayan miya da leda tun daga rumfar kasuwa ya fi sauƙi a kan tsince ta a juji. Ma'aikatar noma kuma ta fitar da ƙa'ida bayyananna kan takin da ake sayarwa a buhu, a rubuta abin da ke ciki da nauyinsa, domin kada kasuwar ta cika da masu zuba rairayi da toka su kira shi kompos. INRAN da jami'ar Abdou Moumouni da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi su sauƙaƙa awon ƙasa, yadda mai garka zai san ko tasa mai tsami ce ko mai kanwa kafin ya zuba mata wani abu. Bayanan da ƙungiyar majalisun manoma RECA da tarayyar masu garake FCMN-Niya suka tara kan haɗa taki su yawaita a rediyo da WhatsApp cikin harsunan ƙasa.

'Yan bida masu aiko da kuɗin garka su ma akwai gyara a lissafinsu. Bayan rijiya da injin da waya, a sa ramukan taki biyu ko uku, da amalanke, da 'yan tumaki ko kajin da za su riƙa ciyar da ramukan, a kuma tambayi mai kula da garkar tan nawa ya zuba bana kafin a tambaye shi buhu nawa ya girbe. Wanda ke zaune a bakin teku yana da ɗan lambu a can, ya wanke ɓawonsa, ya shanya, ya daka, ya sa a tsibin takinsa, zai ga amfaninsa. Matasan birni kuwa, masu neman sana'ar da ba ta buƙatar babban jari, kayan aikin na zube a mahauta da kasuwa da gindin bedi, masu saye kuma suna Jiratawa da Galmi da Saga suna jira kowane watan Oktoba.